Wa Ya Ɗauki Hoton Garinku? Tarihin Kyamara a Ƙasar Hausa

Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin wannan mako saboda waɗanda data ba ta ba su damar sauraren murya ba, da kuma waɗanda suka fi jin daɗin karatu.

Kafin mu shiga tarihi, ina so kowa ya buɗe wayarsa ya duba hoto nawa ne a ciki. Na san wani zai ga dubu biyu, wata ma dubu biyar. To a cikinsu guda nawa ne na ƙofar gidanku? Guda nawa ne na filin da kuke buga ƙwallo da yamma, ko kasuwar ƙauyenku ranar da take ci, ko tsohuwar kukar da ake zama a gindinta? Ni da na duba tawa, kunya ta kama ni. Fuskata ce kawai, sai abinci, sai hotunan da aka turo mini a WhatsApp.

Abin da zai ba ku mamaki, hoto mafi tsufa da ya rage a duniya wanda aka ɗauka da kyamara, hoton bayan gida ne, ina nufin harabar gida fa, kar wani ya yi mini wata fassara. Wani Bafaranshe mai suna Nicéphore Niépce ne ya kafa akwatinsa a tagar bene a gidansa, wajen 1826 ko 1827, ya bar haske yana shiga na tsawon sa'o'i masu yawa, har rufin gine-ginen gidan suka fito dishi-dishi a jikin farantin ƙarfe. A 1839 aka bayyana wa duniya dabarar abokin aikinsa Louis Daguerre, daga nan hoto ya zama sana'a. Kalmar ma da muke amfani da ita, hoto, daga bakin Turawa muka ɗauko ta muka gyara ta daidai da harshenmu.

Amma kyamarar farko kaya ce guda, ga nauyi ga sinadarai masu saurin lalacewa a zafi. Shi ya sa lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya shigo Kano a watan Fabrairu na 1851, alƙalami da takarda ya yi aiki da su. Ya hau Dutsen Dala ya zana birnin yadda ya hango shi, daga baya wani mai zane a Turai ya ƙawata zanen aka buga a littafinsa. Wannan zane har yau yana yawo a Facebook, wasu ma suna rubuta wai "hoton Kano a 1851". Zane ne jama'a, kuma hannu biyu ya bi kafin ya iso gare mu.

A bakin teku 'yan Afirka sun riga mu kama sana'ar. Jonathan Adagogo Green, mutumin Bonny, shi ya ɗauki shahararren hoton nan na Sarkin Benin Ovonramwen a cikin jirgin ruwa a 1897, lokacin da Turawa suka kama shi za su kai shi Kalaba. Mu kuwa a nan Arewa, kyamara tare da bindiga ta shigo da ƙarfinta. Turawa sun ci Kano a Fabrairun 1903, suka ci Sakkwato a watan Maris, kuma a cikin hafsoshinsu da jami'ansu da 'yan mishan akwai masu ɗauke da ƙananan kyamarori, domin tun 1888 kamfanin Kodak ya fitar da wadda kowa zai iya riƙewa, a 1900 kuma ya fitar da Brownie da ake sayarwa dala ɗaya.

Ku lura da abin da suke ɗauka: ganuwa, ƙofofin gari, kasuwa, marina, sarki a kan doki, 'yan lifidi, raƙuma. Wasu hotunan an mai da su katin gaisuwa ana aikawa Ingila. Ba na raina su, don ba don su ba da abubuwa da yawa ba mu san kamanninsu ba. Abin da yake ci mini rai shi ne rubutun da ke ƙasan hoton. Baturen da ke tsaye a gefe za a rubuta sunansa da muƙaminsa, shi kuwa dattijon da ke tsakiya da rawaninsa sai a rubuta ɗan kasuwa Bahaushe, shi ke nan. Mutumin nan yana da suna, yana da unguwa, wataƙila jikan jikansa yana karanta wannan rubutu yanzu, kuma ya taɓa wuce hoton a waya bai san kakansa ba ne.

Akwai hotunan Kano daga sama da kuke yawan gani, masu nuna gidajen ƙasa a cunkushe, da kududdufai, da filaye a cikin ganuwa. Da yawansu wani matuƙin jirgi ne ɗan ƙasar Suwizalan, Walter Mittelholzer, ya ɗauke su a tafiyar da ya yi zuwa Tafkin Chadi a ƙarshen 1930 zuwa farkon 1931, wato shekara biyar kacal bayan jirgin sama ya fara sauka a Kano a 1925. Asalin hotunan suna ɗakin karatu na wata jami'a a Zurich. Haka na E. H. Duckworth, wanda ya daɗe yana editan mujallar Nigeria, suna Jami'ar Northwestern a Amurka. Na Eliot Elisofon, wanda ya zagaya Najeriya a 1959, suna Washington. Kun ga ke nan wanda yake son ganin yadda unguwarsu take a zamanin kakansa, sai ya leƙa rumbun wasu.

Me ya sa wannan ya dame ni? Saboda gininmu na ƙasa ne, ruwa yana cinsa, mu ma muna cinsa. Ɗauki dalar gyaɗa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka shiga da ƙarfi. Gyaɗa ta riƙa zuwa fiye da yadda jirgi zai iya kwashewa zuwa Legas, sai aka riƙa jera buhuna ana tayar da su sama kamar dutse, dubban buhuna a dala guda. Farin 1973 zuwa 1974 ya zo, cutar gyaɗa ta biyo baya a 1975, ga kuɗin fetur ya ɗauke hankalin gwamnati. Yau babu dala ko ɗaya. Duk abin da ɗan shekara ashirin ya sani game da ita, daga hoto ya san shi. Kuma a hotunan ma dalar ake nunawa, su leburorin da suka hau da buhu a ka har ƙololuwa sun fito ƙanana kamar tururuwa, babu wanda ya tambaye su suna.

Ko Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830. Masana gini daga ko'ina suna zuwa kallon bakan gizon da ke cikinsa. A shekarun 1970 aka yi sabon gini na siminti aka lulluɓe tsohon, wasu sassa kuma suka tafi. Allah ya taimaka wani masanin gini ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya riga ya auna shi ya ɗauki hotunansa, har aka yi kwaikwayonsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Ganuwar Kano kuwa, wadda aka faro tun zamanin Sarki Gijimasu, ba sai na gaya wa Bakano halin da take ciki ba. Wanda ya ɗauki hoton wani sashenta shekara goma sha biyar da suka wuce, ya koma wurin yau ya gani ko zai gane shi.

To mu dawo kan namu masu hoton, don nan ne labarin ya fi yi mini daɗi.

Gidajen hoto na farko a biranenmu yawanci a Sabon Gari suke, a hannun Yarabawa da Ibo da mutanen Gana. A hankali yaran gida suka koya, suka buɗe nasu. Ba a karɓi abin hannu bibbiyu ba. Malamai sun yi saɓani a kan hukuncin hoto, wasu suka haɗa shi da sura da aka hana, wasu suka ce kama inuwa ne kamar madubi, kuma ni ba malami ba ne balle in yanke. Abin da na sani, dattawa da yawa sun rayu sun mutu ba su yarda an ɗauke su ba, in ban da ɗan ƙaramin hoton fasfo da tafiya Hajji ta tilasta. Shi ya sa a gidaje da yawa hoton kaka guda ɗaya ne tak, da hatimi a gefensa. Mata kuwa, ga kulle, ga mai hoto namiji ne, sai dai ranar biki ko suna a yi dabara.

Wanda ya tashi a shekarun 1980 ko 1990 ya san mai hoton unguwa. Kyamara a rataye a wuya, jaka a kafaɗa, wani a keke wani a Vespa. Ranar Sallah ita ce kakarsa. An sha sabon ɗinki, an kalli hawa, sai a ɗunguma gidan zu, wanda Gwamna Audu Baƙo ya kafa a farkon shekarun 1970, ko a hau Dala, ko masu mota su nufi Tiga ko Bagauda. Zazzagawa su hau Kufena, Katsinawa su tsaya a gindin Gobarau, a Yamai a tafi gidan tarihi na ƙasa inda ake ajiye namun daji. Duk inda aka je mai hoto yana nan yana jira. Za ka ba da rabin kuɗi, ya ce ka dawo bayan kwana uku. Kwana ukun nan takan zama mako biyu, saboda fim ɗinsa mai ɗaukar hoto 36 ne, kuma ba zai kai wanki ba sai ya cika. Wani lokaci ka je ya kalle ka ya ce, "Wallahi naka ya ƙone." Ba ka da yadda za ka yi, Sallah kuma ta wuce.

Tsadar nan ita ta sa hoton da yake da nauyi. Ba a murmushi, ana ƙamewa ne. A karkato hannu don agogo ya fito. A riƙe rediyo, ko a dafa babur ɗin da ba naka ba. A situdiyo kuma a tsaya gaban labulen da aka zana wa jirgin sama ko dogayen benaye. Muna dariya yanzu, amma ku duba bayan mutanen a hotunan waje. Za ku ga motar haya ta lokacin, da allon shago, da bishiyar da aka sare, da yawan ruwan dam a shekarar. Mai hoto fuska yake nema don ita za a biya shi, garin kuma ya shigo hoton ba da saninsa ba.

A Bamako akwai wani mai hoton unguwa irin wannan, Malick Sidibé. Yana bin samari da 'yan mata wurin rawa da dare, ranar Lahadi kuma ya bi su bakin kogin Kwara inda suke shan iska. Ba wani abu ya yi da ya wuce abin da namu suka yi ba, sai dai shi ya adana nagetif ɗinsa a kwalaye, da kwanan wata. A 2007 aka ba shi babbar lambar yabo ta bikin fasaha na Venice. A Yamai ma an yi Philippe Koudjina, wanda ya ɗauki rayuwar birnin a shekarun 1960 da 1970.

Wannan ya sa bara na tafi neman mai hoton unguwarmu. Na tarar ya rasu, Allah ya ji ƙansa. Shagon ya koma wurin cajin waya. Na tambayi ɗansa ina nagetif ɗin babansa, ya ce ai buhu uku ne, rufi ya yi yoyo wata damina suka manne da juna, sai aka zuba su a bola. Ban ga laifinsa ba, babu wanda ya taɓa gaya masa suna da amfani. Amma na tsaya a bakin shagon ina lissafi: bikin iyayenmu, saukar karatun yayyenmu, ƙungiyar ƙwallon unguwa da ta ci kofi, kusan shekara talatin na unguwa guda.

Wasanni ma haka abin yake, ko ma ya fi. Dambe wasan kaka ne, asalinsa na mahauta, ana yinsa da yamma liƙis ko da dare, cikin ƙura. Fim ɗin da yana son haske sosai, hannun ɗan dambe kuma ba ya jira. Shi ya sa tsofaffin hotunan dambe da na gani kusan duk na tsayuwa ne, an naɗe hannu an ɗaga, ana harare-harare. Bugun kansa, lokacin da ake kisa, da wuya ka same shi. Shago ya cika ƙasar Hausa da suna, amma yawancinmu ta bakin Ɗan Anace muka san shi. A wasanninmu makaɗi shi ne ya yi aikin da kyamara ta yi wa wasu.

Inda hukuma ta sa hannu, nan hoto ya yawaita. A Nijar an fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa a 1975, zamanin Seyni Kountché, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko, kuma tun daga nan duk lokacin da aka yi gasar akwai 'yan jarida a fili. Hawan daba da aka yi wa Yariman Ingila a Kano a 1925, da na Sarauniya a Kaduna a 1956, da na FESTAC a 1977, duk an ɗauke su ta kowace kusurwa. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, ya shiga kundin UNESCO a 2016. Kowa ya san hotonsa: dubban masunta da gora da homa suna rugawa cikin Matan Fada, sai kuma giwan ruwa a kan sikeli, kamar mai kilo 78 da aka kama a 2020. To amma langa fa? Wa yake da hoton langa a dandalin ƙauyensu? Ko sharo, ko wasan gauta, ko 'yan tashe da azumi?

Namun daji su ne suka fi ba ni tausayi. An keɓe Yankari a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, kuma har yau nan ne ɗan Arewa zai je ya ga giwa da ɓauna da gwanki, ya yi wanka a Wikki, gwaggon biri ya sace masa burodi. Amma da can namun nan ba sai an je Bauci ba, tatsuniyoyinmu da sunayen garuruwanmu shaida ne. Sun ƙare kafin kyamara ta zo hannunmu. Wanda ya fi ba ni tsoro ma na kusa ne. Ku tambayi iyayenku yadda ungulu take cika kwata da bayan kasuwa. Yaushe rabon da ku ga guda? A 2015 aka sa irin ungulun nan tamu cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya. Babu wanda ya ɓata fim a kan ungulu, don wa zai biya kuɗin hotonta? Gauraka ma haka, sai dai a waƙa.

A Kure, kusa da Yamai, hoto ya yi aikin da ya wuce ado. Raƙuman dawan da suka rage a duk yammacin Afirka suna wannan yanki, kuma a 1996 guda 49 kawai aka ƙirga. Zanen jikin kowane raƙumin dawa daban yake, kamar zanen yatsa, sai masu kula da su suka riƙa ɗaukar hoton kowanne dama da hagu, suna haɗa kundi. Da haka ake sanin wadda ta haihu da wanda ya ɓata. Yau sun haura 600, har an kwashi wasu zuwa Gadabeji a 2018.

Sai waya ta zo. An fara GSM a Najeriya a 2001, bayan 'yan shekaru wayoyi masu kyamara suka cika kasuwa, mai hoton unguwa ya rasa ciniki, Kodak kansa ya durƙushe a 2012. Yanzu kowa mai hoto ne, kuma an ga amfanin hakan. Lokacin da duniya ba ta ganin komai daga Maiduguri sai gawa da ƙonannun gidaje, Fati Abubakar ta ɗauki kyamara a 2015 ta riƙa zagaya garinsu tana ɗaukar 'yan makaranta da 'yan kasuwa da masu kwalliyar Sallah, tana sakawa a shafinta na Bits of Borno tare da abin da suka faɗa da bakinsu. 'Yar gari ce, ta san wa za ta gaisar kafin ta ɗaga kyamara.

Sai dai hoton waya yana da tasa garar. Ku tuna wayarku ta 2012, ina hotunan cikinta? Memori ya lalace, an sace wayar, an manta lambar sirrin Facebook, wuri ya cika an goge. Ina jin tsoron kar a wayi gari shekarun 1980 sun fi shekarun 2010 yawan hotunan da suka tsira a gidajenmu, don katin da ke ƙasan adakar Hajiya ya fi memori jure wahala.

A cikin adakar tamu Hajiyar na samu wani kati, launinsa ya koma ja-ja. Mahaifina ne da abokansa biyar a bakin ruwan Tiga, duk da wando mai faɗin ƙafa, ɗaya ya ɗaga kifi. Babu ko harafi a bayansa. Hajiya ta gane mutum biyu. Na kai wa Baffa, ya sa tabarau ya daɗe yana kallo, ya gane na uku, ya ce wannan ai tare suka yi makarantar allo, ya rasu a hanyar Jos. Saura biyu. Na sa fensir na rubuta ukun a baya, da wurin, da shekarar da Baffa yake zato, na bar gurbi biyu.

Wanda yake da tsohon hoton garinsu, ko na filin wasa, ko na fita yawon Sallah, ya nemi izinin mutanen gida ya ajiye mana a ƙasan wannan rubutu, da sunan wurin da shekara in an sani. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu ɗauki tarihin sinima a Arewa, tun daga majigi.